Sakin Mara ga Kamfanonin Jiragen Sama a Amurka: Dokar 1978 da Abin da Ta Haifar

1.0 Gabatarwa

A ranar 24 ga watan Oktoba, 1978, shugaban ƙasar Amurka na lokacin, Jimmy Carter, ya sa hannu a kan wata doka wadda ta raba gwamnatin tarayya da ikon da ta shekara arba'in tana riƙe da shi a kan kamfanonin jiragen sama, wato ikon yanke kuɗin tikiti, da na faɗin wanda zai yi jigila tsakanin wannan gari da wancan, da kuma na hana sabon kamfani shiga sana'ar. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin yadda aka kai ga wannan doka da irin sauyin da ta kawo wa tafiya ta sama. Abin da ake son nunawa shi ne, dokar ta cika alkawarinta na arahar tikiti, amma ikon da aka zare daga hannun hukuma bai watsu cikin kasuwa kamar yadda aka zata ba. Ya tattaru ne a hannun wasu kamfanoni ƙalilan waɗanda suka riga kowa kama filayen sauka da na'urorin sayar da tikiti.

Kafin a shiga gundarin bayani, ya kamata a daidaita kalmomi. Kafofin watsa labarai na Hausa sukan yi amfani da "cire hannun gwamnati" a kan abubuwa biyu mabambanta. Na farko shi ne gwamnati ta sayar wa 'yan kasuwa kamfanin da ta mallaka. Na biyu kuwa shi ne ta daina gindaya wa kamfanonin 'yan kasuwa farashi da iyakar inda za su yi ciniki. Na biyun ne ya faru a Amurka, domin manyan kamfanoninta irin su Pan Am da TWA da United tun asali na 'yan kasuwa ne. Saboda haka aka zaɓi "sakin mara" a wannan maƙala. Kalmar tana da wata fa'ida kuma, domin wanda ya sakar wa wani mara bai bar wurin ba, yana nan tsaye, kuma yana iya sake kamawa in ya ga dama.

2.0 Zamanin Linzami, 1938 zuwa 1978

Sana'ar jiragen sama a Amurka da wasiƙu ta ginu, fasinja daga baya ya biyo. A 1925 aka yi dokar da ta ba kamfanoni kwangilar ɗaukar wasiƙun gidan waya, kuma da kuɗin wannan kwangila suka rayu. A 1930 shugaban gidan waya na ƙasa, Walter Brown, ya tara manyan kamfanonin ya raba musu hanyoyi, aka bar ƙanana a waje. Da asiri ya tonu, shugaba Franklin Roosevelt ya soke kwangilolin a 1934, ya ɗora wa sojojin sama jigilar wasiƙu cikin tsananin hunturu. Sojoji sama da goma suka mutu a haɗurra cikin ɗan lokaci, tilas aka mayar wa 'yan kasuwa aikin. Wannan rikici, haɗe da karayar tattalin arziki ta shekarun 1930, shi ya sa kamfanonin da kansu suka nemi a sa musu linzami, don gudun gasar da za ta karya su baki ɗaya. Haka aka yi dokar 1938, wadda ta haifar da hukumar da daga 1940 aka sani da suna CAB, wato Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama na Farar Hula.

Hukumar ta tarar da kamfanoni 16 a kan manyan hanyoyi, ta ba su lasisi, sa'annan ta rufe ƙofa. Tsakanin 1950 da 1974 an shigar mata da takardun neman izini guda 79 daga masu son shiga manyan hanyoyin, ba ta amince da ko ɗaya ba. Kamfanin World Airways ya nemi izini a 1967 don ya riƙa jigila mai araha tsakanin Niyok da Los Angeles. Hukumar ta ajiye takardar sama da shekara shida, daga baya ta yi watsi da ita bisa hujjar cewa bayanan da ke ciki sun tsufa. Ko tsofaffin kamfanonin ma ba su tsira ba, domin sai da Continental ya jira shekara takwas, har kotu ta sa baki, kafin a ba shi hanyar Denver zuwa San Diego.

Dangane da farashi kuwa, hukumar tana auna shi ne da nisan tafiya, tare da ɗora wa dogayen hanyoyi ƙari don a tallafi gajeru. A farkon shekarun 1970 ta tsara lissafinta ta yadda kamfani zai sami ribar kashi 12 cikin ɗari a kan jarinsa idan ya cika kashi 55 cikin ɗari na kujerun jirgi. Ke nan an gina farashin ne bisa amincewa da cewa kusan rabin jirgi zai tashi fanko, kuma wanda ya hau shi ne zai biya kuɗin kujerar da ba kowa. Tun da an hana su gasa a kan kuɗi, sai kamfanonin suka koma gasa a kan abinci da abin sha da yawan tashi a rana da adon ma'aikata. Har ta kai kamfanin American ya cire kujeru a cikin manyan jiragensa samfurin Boeing 747 ya yi zauren shaƙatawa, ya girke abin kiɗa na piyano a ciki. Wannan gasa ta ganin ido ita ta riƙa cinye ribar da hukumar ta yi musu tanadi, su kuma su koma su nemi ƙarin farashi, a ba su.

Adalci ne a faɗi cewa tsarin yana da nasa alheri. Babu babban kamfanin da aka bari ya durƙushe da fasinja a hannu. In ɗaya ya raunana sai hukumar ta nema masa wanda zai haɗiye shi, kamar yadda United ya karɓi Capital a 1961, Delta kuma ya karɓi Northeast a 1972. Ma'aikata suna da albashi mai kauri da aiki tabbatacce, ƙananan garuruwa kuma suna ganin jirgi. Sai dai tafiyar ta masu hali ce da waɗanda ofis ke biya musu. A 1971 kusan rabin baligan Amurka ba su taɓa shiga jirgin sama ba.

2.1 Ɓarakar Kalifoniya da Teksas

Ikon CAB ya tsaya ne a kan jiragen da ke ƙetare iyakar jiha. Wanda ya tashi ya sauka cikin jiha ɗaya ba ruwanta da shi, kuma akwai jihohi biyu masu faɗin da za a yi irin wannan ciniki a cikinsu. A Kalifoniya kamfanin PSA ya fara aiki tun 1949. A Teksas kuwa Southwest ya fara jigila a 1971 tsakanin Dallas da Houston da San Antonio, bayan ya shafe shekaru a kotu da tsofaffin kamfanonin da suka so su hana shi tashi. Waɗannan kamfanoni biyu suka zama hujjar da ba ta buƙatar dogon lissafi. A tsakiyar shekarun 1970 tafiyar mil 338 daga Los Angeles zuwa San Francisco dala 18.75 ce, alhali tafiyar mil 399 daga Boston zuwa Washintan, wadda ke ƙarƙashin hukumar, dala 41.67 ce. Jiragen iri ɗaya ne, man da suke sha ɗaya ne, kuma masu arahar riba suke ci domin jiragensu a cike suke tashi.

3.0 Yadda Aka Kai ga Dokar

Tashin farashin mai na 1973 da hauhawar farashin kayayyaki da ta biyo baya su suka fito da maganar daga ɗakunan karatu zuwa majalisa. Hukumar ta tunkari matsalar ne da ƙarin kuɗin tikiti, da dakatar da ba da sababbin hanyoyi, da kuma barin kamfanoni su haɗa baki su rage yawan tashi. A farkon 1975 Sanata Edward Kennedy ya buɗe zaman sauraron bahasi a Majalisar Dattawa, wanda wani malamin shari'a na Jami'ar Harvard, Stephen Breyer, ya shirya masa (shi ne daga baya ya zama alƙalin Kotun Ƙoli daga 1994 zuwa 2022). A wannan zama aka baje alƙaluman Kalifoniya da Teksas a gaban jama'a.

Abin lura a nan shi ne irin mutanen da maganar ta haɗa. Masu rajin kare talaka irin su Ralph Nader suna ganin hukumar ta zama 'yar amshin shatan kamfanoni. Masana tattalin arziki masu aƙidar kasuwa suna ganin ta hana gasa. Shugaba Gerald Ford na jam'iyyar Rifablikan ya goyi baya, Carter na Dimokurat da ya gaje shi ma haka. Waɗanda suka ƙi su ne ƙungiyoyin ma'aikata da akasarin kamfanonin kansu, in ban da United wanda ya ga cewa girmansa zai amfane shi in an buɗe fage. A 1977 Carter ya naɗa Alfred Kahn, masanin tattalin arziki na Jami'ar Cornell, shugaban hukumar. Kahn bai jira majalisa ba, ya shiga amincewa da rangwamen tikiti da sababbin hanyoyi. Fasinja suka ƙaru, ribar kamfanoni ta ƙaru a 1978, sai bakin masu adawa ya mutu.

Dokar ta tsara janyewar ne daki-daki. Ikon raba hanyoyi ya ƙare a ƙarshen 1981, na yanke farashi a farkon 1983, hukumar kanta kuma aka rufe ta a ƙarshen 1984, ragowar ayyukanta suka koma Ma'aikatar Sufuri. Abin da dokar ba ta taɓa ba shi ne sha'anin lafiyar jirage da horon matuƙa, wanda ya ci gaba da zama a hannun hukumar FAA da aka kafa tun 1958. Za a dawo kan wannan a gaba.

4.0 Shekarun Rububi

Tun kafin a sa hannu a dokar, wakilan kamfanoni suka yi layi na kwanaki a ƙofar ofishin hukumar a Washintan don su kama hanyoyin da masu su suka bari ba sa amfani da su. Braniff ya fi kowa kwasa, ya buɗe garuruwa sama da goma a rana ɗaya, ya ci bashi ya sayi jirage. Sai farashin mai ya sake tashi a 1979, kuɗin ruwa ya hau, tattalin arziki ya ja baya. A watan Agusta na 1981 kuma masu ba jirage umarni daga hasumiya suka shiga yajin aiki, shugaba Ronald Reagan ya kori sama da 11,000 daga cikinsu, aka taƙaita yawan tashi a manyan filaye. A watan Mayu na 1982 Braniff ya durƙushe. Shi ne babban kamfani na farko da ya faɗi ba wanda ya tare shi.

A ɗaya ɓangaren kuma sababbi suka yi ta ɓullowa: Midway a 1979, New York Air a 1980, America West a 1983. Wanda ya fi su tashe shi ne People Express na Donald Burr, wanda ya fara aiki daga Newark a 1981. A cikin jirgi ake biyan kuɗin tikiti, kamar motar haya. Wanda ke son a ɗauki akwatinsa ya biya, wanda ke son shayi ya saya. A 1983 ya fara kai mutane Landan a kan dala 149. Ɗalibai da tsofaffi da masu ƙaramin albashi, waɗanda da can motar safa suke bi, suka cika jiragensa. Idan ana neman lokacin da alkawarin dokar ya bayyana sosai, to waɗannan shekaru ne. Amma People Express bai kai shekara shida ba.

5.0 Inda Ikon Ya Koma

Masanan da suka tsara dokar sun gina ta ne a kan wani tunani mai kama hankali. A cewarsu jirgin sama dukiya ce mai fukafuki, don haka in kamfani ya tsauwala farashi a wata hanya, wani zai karkato da jirginsa can gobe, kuma tsoron haka kaɗai ya isa ya hana tsauwalawar. Abin da tunanin bai ba shi muhimmanci ba shi ne, jirgi yana tashi amma fili ba ya tashi, kuma a ƙasa ake sayar da tikiti. A nan tsofaffin kamfanonin suka sami makamansu.

Makami na farko shi ne tsarin matattara. Maimakon jirgi ya ɗauki fasinja daga garinsu kai tsaye zuwa inda za su, sai a kwaso su daga garuruwa da yawa a zube a wani babban fili a lokaci guda, a sake rarraba su cikin wasu jiragen, tamkar babbar tashar mota wadda ƙananan motocin ƙauye ke ciyar da ita. Delta ya daɗe yana haka a Atlanta, amma bayan 1978 kowa ya kama tasa: American a Dallas, United a Shikago, TWA a St. Louis, Northwest a Minneapolis. Tsarin yana da amfani na haƙiƙa, domin mutumin ƙaramin gari yana iya kaiwa ɗaruruwan wurare da sauka ɗaya. Sai dai kamfanin da ya kama matattara yakan kama ƙofofin hawa jirgi na filin da haya ta shekaru masu yawa, baƙo in ya zo bai da inda zai tsaya. A filaye huɗu mafiya cunkoso, biyu a Niyok da ɗaya a Shikago da ɗaya a Washintan, an ƙayyade guraben sauka da tashi tun 1969. A 1986 gwamnati ta halatta saye da sayar da waɗannan gurabe, ta kuma bar su a hannun waɗanda ta tarar da su ba tare da sun biya ko kwabo ba. Dukiyar jama'a ke nan ta zama jarin tsofaffin kamfanoni.

Makami na biyu shi ne kwamfuta. A wancan zamani yawancin tikiti ta hannun dillalan tafiye-tafiye ake sayensa, su kuma dillalan suna duba jirage ne a na'urorin da American da United suka girka musu, wato Sabre da Apollo. Kowane ya tsara tasa ta yadda jiragensa ke fitowa a saman allo, dillali kuwa ba kasafai yake sauka ƙasa ba. Sai a 1984 aka yi ƙa'idar hana wannan son kai. Amma amfanin kwamfutar da ya fi wannan girma shi ne sanin fasinja. Da bayanan da ta tara, American a ƙarƙashin Robert Crandall ya iya hasashen kujeru nawa za su rage fanko a kowane jirgi. A watan Janairu na 1985 ya fitar da waɗannan kujeru a farashin da ya yi daidai da na People Express ko ƙasa da shi, bisa sharaɗin a saya tun da wuri, yana kuma ci gaba da sayar wa ɗan kasuwa mai gaggawa tasa kujerar da tsada. People Express ba shi da irin wannan na'ura, farashinsa ɗaya ne ga kowa. Ya shiga asara, ya ƙara wa kansa nauyi da sayen kamfanin Frontier, a farkon 1987 aka narkar da shi cikin Continental. Daga nan ne aka gaji abin da matafiyi ke gani har yau, mutum biyu a kujeru maƙwabta, ɗaya ya biya ninki uku na abin da ɗayan ya biya.

Akwai kuma tukuicin yawan tafiya, wanda American ya fara a watan Mayu na 1981. Ana tara wa fasinja maki gwargwadon nisan da ya yi, ya karɓi tikitin kyauta. Ma'aikacin da ofis ke biya masa tikiti, shi kuma makin ya shiga aljihunsa, ba shi da dalilin neman araha, kuma zai manne wa kamfanin da ya fi yawan hanyoyi daga garinsu. Wannan ma babba yake taimako.

Abin da ya rage shi ne haɗiye abokan hamayya, kuma a nan laifin na gwamnati ne tsantsa. A 1986 Ma'aikatar Sufuri ta amince Northwest ya sayi Republic, TWA kuma ya sayi Ozark, duk da cewa Ma'aikatar Shari'a ta nuna rashin amincewa, domin a kowane hali kamfanoni biyun matattara ɗaya suke gasa a kai. Bayan haɗewar, kowannensu ya riƙe kusan kashi 80 cikin ɗari na fasinjan filinsa. Binciken ofishin bin diddigin kuɗi na majalisar ƙasar a 1990 ya nuna cewa mazauna irin waɗannan birane suna biyan kimanin kashi ɗaya cikin huɗu fiye da na sauran wurare. Kahn kansa, wanda bai taɓa janye goyon bayansa ga dokar ba, ya soki yadda aka yi sakaci da dokokin hana babakere a wannan lokaci.

Daga nan sai zaman kashin dankali. Eastern ya rufe a watan Janairu na 1991, Pan Am a watan Disamba na shekarar, American ya haɗiye TWA a 2001. Zagaye na biyu ya zo bayan manyan kamfanonin sun bi ta kotun karayar arziki ɗaya bayan ɗaya: Delta ya haɗe da Northwest a 2008, United da Continental a 2010, Southwest da AirTran a 2011, American da US Airways a 2013. Bayan wannan, kamfanoni huɗu suka riƙe kimanin kashi 80 cikin ɗari na jigilar cikin gida. A cikin huɗun, uku 'yan zamanin linzami ne. Na huɗun, Southwest, shi ma ya girmi dokar. Daga cikin waɗanda suka shigo a shekarun rububi kuwa, America West yana cikin ƙalilan da suka yi tsawon rai, shi ma sunansa ya ɓace bayan 2005.

6.0 Riba da Hasara

Duk da wannan tattaruwa, tikiti ya yi araha. Sai dai dole a yi hattara wajen aunawa, domin farashi yana sauka tun kafin 1978 saboda zuwan jirage masu injin jet da manyan jirage masu ɗaukar ɗaruruwa. Tambayar da ta dace ita ce, nawa za a biya da a ce hukumar tana nan? Morrison da Winston (1995) sun auna haka, suka sami cewa farashi ya yi ƙasa da kimanin kashi 22 cikin ɗari a kan abin da tsohon lissafi zai bayar. Fasinjan da kamfanonin ƙasar suka ɗauka sun tashi daga kimanin miliyan 275 a 1978 zuwa sama da miliyan 900 a 2019. Mafi yawan wannan araha daga matsin lambar kamfanoni masu rahusa ta zo, musamman Southwest, wanda duk filin da ya shiga farashi kan faɗi, sa'annan intanet ta zo ta karya ikon dillalai da na'urorinsu.

Arahar ba daga sama ta faɗo ba, akwai waɗanda suka biya. Fasinja ya biya da jikinsa: jirgin da ke tashi rabi fanko ya koma yana cika sama da kashi 80 cikin ɗari, aka matse kujeru, abinci ya ɓace, a 2008 kuma American ya fara karɓar dala 15 a kan akwati na farko, wato dabarar People Express ta dawo ta hannun wanda ya kashe shi. Ma'aikata sun biya da albashinsu. A watan Satumba na 1983 Frank Lorenzo ya kai Continental kotun karayar arziki, ya soke yarjejeniyoyin ƙungiyoyin ma'aikata, ya sake buɗewa da kusan rabin albashi. A zagayen karayar da ya biyo bayan 2001 kuwa, kuɗin fanshon dubban ma'aikata ne ya tafi. Birane ma sun biya. Pittsburgh da St. Louis da Cincinnati da Memphis da Cleveland duk sun faɗaɗa filayensu don zama matattara, daga baya kamfanonin suka kwashe jiragensu suka bar su da gine-gine.

Tsoron da aka fi bayyanawa a 1978 shi ne cewa gasa za ta sa a yi sakaci da gyaran jirage. Alƙaluma ba su gaskata wannan ba, domin yawan haɗurra gwargwadon yawan tashi ya ci gaba da raguwa sosai. Amma inda aka yi sakaci an gani. Faɗuwar jirgin ValuJet a Florida a watan Mayu na 1996, wadda ta ci rayuka 110, ta tona yadda ake miƙa gyara ga 'yan kwangila ba tare da isasshen sa ido ba. Ta jirgin Colgan kusa da Buffalo a watan Fabrairu na 2009, wadda ta ci rayuka 50, ta fito da halin matuƙan ƙananan kamfanonin da ke yi wa manya jigila da ƙaramin albashi da gajiya. A duka biyun ƙara ɗaure linzami aka yi, har aka wajabta wa mataimakin matuƙi awa 1,500 na tuƙi daga 2013.

7.0 Bazuwar Tsarin da Hannun da Bai Tafi ba

Amurka ta fitar da tsarin zuwa waje ta hanyar yarjejeniyoyin buɗe sararin sama, ta farko da ƙasar Holan a 1992. Tarayyar Turai ta kammala nata sakin marar a 1997, abin da ya ba Ryanair da easyJet damar bunƙasa. Ƙasashen Afirka sun yi Sanarwar Yamoussoukro a 1988, suka mayar da ita ƙuduri a 1999. A Nijeriya, tun farkon shekarun 1980 kamfanoni irin su Kabo da Okada suka fara karya babakeren Nigeria Airways, wanda ya daina aiki a 2003. Bambancin shi ne, Amurka ta buɗe kasuwa ne alhali hukumarta ta lafiyar jirage ta shekara ashirin da kafuwa, a nan kuwa sai a 1999 aka kafa hukumar NCAA, kuma sai bayan haɗurran Bellview da Sosoliso a 2005 da na ADC a 2006, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo ya rasu a cikinsa, aka ƙarfafa ta da sabuwar doka.

A Amurkar ma mai sakin marar bai yi nisa ba. Dokar 1978 ta tanadi tallafin shekara goma ga ƙananan garuruwan da kamfanoni za su guje wa. Wa'adin ya cika a 1988, aka yi ta sabunta shi, har tallafin ya shiga shekarun 2020. An ci gaba da hana baƙi mallakar fiye da kashi 25 cikin ɗari na ƙuri'un kamfanin jirgin ƙasar, da hana kamfanonin waje jigila tsakanin biranenta. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, gwamnati ta ba kamfanonin dala biliyan 5 tsaba, ta kuma ware biliyan 10 don lamunin bashi. A lokacin annobar korona, tsakanin 2020 da 2021, ta ba su kimanin dala biliyan 54 don biyan albashi. A watan Janairu na 2024 kuma wata kotun tarayya a Boston, bisa ƙarar Ma'aikatar Shari'a, ta hana JetBlue sayen Spirit, tana mai cewa masu ƙaramin ƙarfi da suka dogara da arahar Spirit su za su cutu. Wata goma bayan wannan hukunci Spirit ya shiga kotun karayar arziki, ya fito, ya sake komawa a watan Agusta na 2025.